Bashin Gida Ga Mai Tabon Bashi: Wace Ƙofa Ce Za Ta Buɗe?

A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, ba wa wanda ya taɓa kasa biyan bashi kuɗin sayen gida, su tsawwala masa ruwa saboda kasadar da suka ɗauka. Irin wannan bashi ne ma ya jawo durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008. A Najeriya babu wannan kasuwa. Mai tsaftataccen suna ma da kyar yake samu, balle wanda sunansa ya riga ya ɓaci a wurin banki. Don haka wanda yake da tabon bashi kuma yana son gidan kansa, abin da ke gabansa shi ne ya auna hanyoyin da kowa ke bi, ya ga wacce ta fi damuwa da tarihinsa, wacce ke ɗaga ƙafa, kuma nawa ɗaga ƙafar za ta ci masa.

Kafin a shiga auna hanyoyin, sai an san inda tabon yake zaune. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, ƙananan bankuna da yawancin manhajojin ba da rance masu rajista suna aika musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda yake biya. Ƙa'idar Babban Banki ita ce, kafin banki ya ba ka rance sai ya nemi rahotonka daga aƙalla biyu cikin ukun nan. Tunda aka shigo da lambar tantance masu asusun banki, BVN, a 2014, canza banki ba ya ɓatar da sawu. A ma'aunin CRC makin mutum yana tsakanin 300 da 850, amma ma'aikacin banki ba makin yake fara dubawa ba. Layukan da ke ƙasa yake bi: sunan wanda ya ba ka bashin, ranar da ka karɓa, abin da ya rage, kwana nawa ka makara. Da zarar makarar ta haura kwana 90, bashin ya shiga sahun waɗanda ba a biya. In ya wuce kwana 360, sai a rubuta shi a matsayin asara. Layi ɗaya mai wannan rubutu ya isa a ture takardarka gefe, ko da bashin na naira 30,000 ne da ka karɓa a waya shekara uku baya ka mance da shi.

A Arewa kuwa, babban abin da ya ɓata wa mutane suna ba manhajar waya ba ce kaɗai. Akwai bashin korona da bankin NIRSAL ya raba daga 2020, da bashin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. Mutane da dama sun karɓi waɗannan kuɗaɗe a matsayin rabonsu daga gwamnati, wasu ma 'yan tsakiya ne suka karɓi BVN ɗinsu, suka gutsura musu kaɗan suka tafi da sauran. A takarda dai bashi ne, kuma sunan mai BVN ne a kai. Tun 1 ga Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar zare kuɗinsa daga duk wani asusunka a kowane banki. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga mai tara kuɗin gida: kana iya shekara biyu kana tara kafin alƙalami, ka wayi gari an kwashe don biyan tsohon bashi. Tsarin ya taƙaita ga uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar makara, amma wannan ba zai sanyaya wa wanda aka kwashe wa rai ba.

To, mu ɗauki hanyoyin.

Wadda ta fi kowacce sauƙin biya ita ce ta Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, da dokar 1992 ta kafa, wanda bankin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Ana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata. Mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, biya har tsawon shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage masa na aiki. Iyakar rancen ta daɗe a naira miliyan 15, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Rancen da bai wuce miliyan 5 ba, ba a neman kafin alƙalami. Abin da ya haura haka kashi 10 ake nema. A ƙasar da farashin kaya ya tashi da sama da kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, babu wani ɗan kasuwa da zai ba ka kuɗi a kan kashi 6.

Matsalar mai tabo a nan ita ce, ba kai tsaye FMBN ke ba ka wannan rance ba. Sai ka bi ta bankin jinginar gidaje mai lasisi. Shi ne yake karɓo kuɗin a kan kashi 4, ya ba ka a kan kashi 6, kuma in ka kasa biya shi za a bi. Wanda ribarsa kashi 2 ce tak, ga shi kuma asarar duka a wuyansa, ba zai yi wa kowa kara ba. Shi ya sa tsaurinsu wajen duba tarihi ya kai na manyan bankuna, wani lokaci ma ya fi. In bashinka na baya har yanzu a buɗe yake, kada ka ɓata kuɗin fom da kuɗin kimanta gida. In kuwa ka biya an rufe, kana da takardar shaida, albashinka kuma na shiga a kan kari, to akwai magana. Ka haɗa da wasu abubuwa biyu da ke kayar da mutane ko da sunansu fes yake. Na farko, sau da yawa ana cirar kuɗin a takardar albashi amma ma'aikatar ba ta miƙa shi ba, akwai ma jihohin da suka taɓa ficewa daga tsarin. Latsa *219# ka ga abin da ke asusunka tun kafin ka fara. Na biyu, takardar gida. Dokar filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili sai da amincewar gwamna, banki kuma satifiket ɗin mallakar fili na gwamnati yake so. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wadda da ita ake sayen mafi yawan gidajen unguwanninmu, ba ta shiga. Sai ka bi ta hukumar rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, wannan kuma tafiya ce mai cin lokaci da kuɗi.

A cikin FMBN ɗin akwai wata ƙofa da na fi ganin ta dace da mai ƙaramin tabo, wato tsarin zama a gida kana biyan haya har ya zama naka. Ba a neman kafin alƙalami, ruwan kashi 7 ne, tsawon biya kan kai shekara 30. Abin da ya sa ta fi taushi shi ne, gidan yana nan da sunan banki har ka gama biya. Wanda bai saki takardar gida ba, fargabarsa ba ta kai ta wanda ya damƙa maka miliyoyi ba, don haka ƙarfin albashinka da yadda za a riƙa cira daga tushe su ne suka fi nauyi a mizani. Kada ka ɗauka hakan na nufin ba za a leƙa tarihinka ba. Illarta kuma, ba kai ke zaɓen gida ba. Rukunin gidajen da bankin ya zuba wa kuɗi ne, galibi a bayan gari, ginin zamani mai falo da ɗakuna biyu ko uku. Mai mata biyu, ko wanda ke son zaure da tsakar gida mai faɗi da mata za su sake, sai ya yi tunani sosai. Na ga gidajen irin waɗannan rukunai da masu su suka kewaye da katangar bulo mai tsayi, suka fitar da ɗaki a inda aka tanada don ajiye mota, duk don gidan ya zaunu irin zamanmu. Kafin ka mallaka kuwa, irin wannan gyara sai da izini.

Sabuwar hanya ita ce asusun ba da rancen gidaje, MREIF, na Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, wanda ya fara aiki a 2025: ruwa kashi 9.75, biya har shekara 20, kafin alƙalami kashi 10. Ba sai kana zubi a NHF ba. Sai dai shi ma ta bankuna ake bi, su ne masu tantancewa, kuma rahoton nan dai za su buɗe. Ga mai tabo, wannan hanya ta gaba ce, bayan ya wanke sunansa.

Bankunan kasuwanci kuwa, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, don haka bashin gida a wurinsu ya haura kashi 20 nesa ba kusa ba, suna son ka kawo kashi 20 zuwa 30 na kuɗin gidan, kuma ba sa son dogon zango. Lissafi ya fi bayani. Ɗauki naira miliyan 10, biya a shekara 20. A kan kashi 6, kusan naira 72,000 ce duk wata, jimilla miliyan 17 da 'yan kai. A kan kashi 9.75, kusan 95,000, jimilla miliyan 23 ba kaɗan. A kan kashi 25, kusan 210,000 duk wata, jimilla ta haura miliyan 50. Tunda masu ba da rance ba sa son biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, na farko yana buƙatar albashin kusan 215,000, na biyu 285,000, na uku 630,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Wanda ya taɓa sarƙewa a ƙaramin bashi, in ma wani banki ya yarda ya ba shi wannan, ni ban ga alherin da aka yi masa ba.

Na san da yawa daga masu karatu tun da aka fara ambaton kashi 6 da kashi 7 ransu bai kwanta ba, don ruwa ruwa ne komai ƙanƙantarsa. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ita ce ta hana ɗimbin ma'aikatan Arewa taɓa kuɗin da ake cira a albashinsu shekara da shekaru. Ga su akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz da ya buɗe a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, sai Alternative Bank. Yadda suke yi shi ne, ko banki ya sayi gidan ya ba ka haya da alkawarin mallaka a ƙarshe, ko ku yi tarayya a kai kana sayen kasonsa sannu a hankali kana biyan hayar abin da ya rage nasa, ko kuma ya sayo maka kayan gini ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi.

Akwai kuskuren fahimta guda biyu a kan waɗannan bankuna da ya kamata a kawar. Mutane na zaton tunda na Musulunci ne, za su yi araha kuma za su yi afuwa. Araha dai babu tabbas: kuɗin masu ajiya suke juyawa a kasuwa ɗaya da sauran bankuna, don haka in ka haɗa hayar da ribar, abin da za ka biya ya fi kusa da na bankin kasuwa fiye da na NHF, zangon biyan kuma bai kai shekara 30 ba. Afuwa kuwa, a ganina sun fi kowa dalilin tsauri. Bankin ruwa in ka makara ƙara maka yake yi, makarar taka riba ce a wurinsa. Bankin Musulunci ba ya cin tarar makara, sadaka ake kai ta. Mai taurin bashi asara ce zalla a wurinsa, saboda haka tun farko yake tace shi. Kuma rahoton da sauran bankuna ke dubawa shi suke dubawa. Abin da za ka samu a wurinsu shi ne kwanciyar hankali ta fuskar addini, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba mafaka ce ga wanda bai biya na baya ba. Hadisin da ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, sun fi mu haddace shi.

Saura hanyar da ba ta bi ta banki, wadda a gaskiya da ita aka gina mafi yawan gidajen Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato: ƙungiyar adashin gata ta ma'aikata ko ta 'yan kasuwa, a haɗa da gini sannu-sannu. Ƙungiya ba ta cika tambayar wani kamfani tarihinka ba. Tana duba abin da ka tara a wurinta, ta ba ka ninkinsa, ta nemi mutum biyu cikin mambobi su tsaya maka, a riƙa cira daga albashi. Da yawa daga na Arewa ba sa sa ruwa, kaya suke sayowa su ɗora riba kaɗan. Kuɗin ba zai sayi gida sukutum ba. Zagaye na farko ya sayi fuloti, na biyu a yi fandisho a ja bulo zuwa linta, na uku a ɗora kwano, a gyara ɗaki biyu da bayan gida a tare, sauran a ƙarasa ana ciki. Kowa ya san irin gidan nan: taga an toshe ta da bulo, ga tulin yashi a tsakar gida yara na wasa a kai, ƙarfen rodi ya leƙo sama yana jiran bene. Mai shi ba ya biyan haya, kuma ba wanda zai zo ya ce ya tashi.

Ita ma tana da nata ciwon. Farashin kaya ba ya jiran kowa: buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya taɓa 10,000 har ya wuce a 2024. Wanda ya samu rancen kashi 6 ya ɗaure farashin gidansa tun yau, mai gini sannu-sannu kuwa kowace shekara sabon lissafi yake yi. Sannan tarihin bashi bai ɓace a nan ba, ya koma bakin mutane ne. In an san ka da taurin bashi a ofis ko a kasuwa, samun masu tsaya maka zai fi samun rancen banki wuya, kuma in ka gaza, albashin abokin aikinka za a yanka. Akwai kuma ƙungiyoyin da shugabanni suka cinye, da waɗanda suka sayi gona suka yanka wa mambobi ba tare da tsarin hukuma ba, daga baya aka zo rusau. Ka duba rajistar ƙungiya, ka ga ko ana karanta lissafi a taron shekara, ka je ma'aikatar ƙasa da lambar fili kafin ka ba da sisi. Wannan gargaɗi ya hau kan kamfanonin da ke sayar da fili ko gida a biya cikin wata 12 ko 24. Ba ruwansu da tarihinka, gaskiya ne, don kai ne ke ba su bashi a wannan ciniki. Tarihinsu ne ya kamata ka bincika: ina rukunin da suka gama, su wa suka karɓi makulli.

Akwai dabara ɗaya da ake yawan ba mai tabo shawara, wadda nake roƙon a guje mata: a karɓi rancen da sunan mata, ƙane ko amini mai tsaftataccen suna. Wanda ya ci bashin, sunansa ne zai hau takardar gida. Kai kana biya shekara goma sha biyar, ranar da ta Allah ta kasance a kansa, gidan ya shiga gadonsa, 'ya'yansa kuma ba lalle su san abin da kuka ƙulla ba. In aure ne ya mutu, labarin ya fi haka muni. In kuma kai ne ka gaza biya, ka ɓata wa wanda ya rufa maka asiri suna. Idan har miji da mata za su haɗa ƙarfi, su yi shi a sarari: sunayen biyu a takarda, kason kowa a rubuce, da shaidu, kamar yadda ayar bashi ta cikin Baƙara ta yi umarni. Ka sani kuma, a neman haɗin gwiwa ana duba tarihin ku biyun ne.

Duk hanyar da ka zaɓa, wanke suna aiki ne da za a iya yi, kuma ya fi sauƙi a kan yadda ake tsoro. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema daga kamfanonin uku, don wani mai ba da rance wuri ɗaya kawai yake aikawa. In ka ga bashin da ba naka ba, ko wanda ka biya amma ba a rufe ba, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma wanda ya aika bayanin. In banki ya yi biris, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki na karɓar ƙara. In bashin naka ne, ka je da ƙafarka. Bankin da ya riga ya fid da rai da kuɗi yakan yarda ya yafe tara da wani ɓangare na ruwa in ya ga uwar kuɗi a hannu, amma a rubuta yarjejeniyar kafin ka biya. Bayan biya ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka adana ta tare da takardun fili, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka sake ciro rahoto ka tabbatar an gyara. Biyan ba ya goge tarihi nan take, domin doka ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara shida, sai dai layin ya koma "an biya", kuma tsakanin wannan da bashi buɗaɗɗe akwai tazara mai nisa a idon mai tantancewa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya wanke maka BVN ta bayan fage, ɗan damfara ne; wanda ya shigar da bayanin ne kaɗai ke iya canza shi.

In ni ne zan zaɓa wa mutum, ga yadda zan raba. Ma'aikaci mai albashi tsayayye wanda tabonsa ƙarami ne, ya biya, ya ba kansa shekara guda asusunsa na tafiya ba tangarɗa, sannan ya nemi NHF ko tsarin haya zuwa mallaka, ko bankin Musulunci in ruwa ne damuwarsa kuma albashin zai ɗauka. In kafin alƙalami ne ya gagara, tun Satumban 2022 hukumar fansho, PenCom, ta yarda a ciri har kashi 25 na asusun fansho don wannan, ga wanda ya yi wata 60 yana zubi kuma ya rage masa aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Ya dai tuna daga abincin tsufansa yake gutsura. Ɗan kasuwa ko mai sana'a da kuɗinsa ke zuwa yau da yawa gobe babu, ko wanda bashin da ke kansa ya fi ƙarfin biya lokaci guda, ya bar maganar banki tukuna. Ya sasanta da mai bin sa a kan biyan wata-wata don kada GSI ya share masa tari, ya shiga ƙungiya mai rajista, ya sayi fili a shimfiɗar da hukuma ta amince da ita ko da ya fi na dillalan gona tsada, ya fara neman satifiket tun kafin a sauke tifar yashi ta farko. Da wannan satifiket ɗin ne, in sunansa ya gyaru nan da shekara biyu ko uku, zai iya neman rancen ƙarasa ginin.